Kai Kaɗai Za Ka Iya Hana Kyrshan

Shillong, ranar Litinin

Zuwa ga yayana Donbok,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi, ya sassauta maka zafin Chennai da kake ta kuka da shi. Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, shanya ma ta gagara. Mama da sauƙi, gwiwar ce dai ta ƙi, amma bakin nan lafiya lau, don jiya ma sai da ta wanke mai kawo mana gawayi tas. 'Yata Daphisha ta gama jarrabawa, barci kawai take zubawa.

Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Maganar ɗana Kyrshan ce ta zaunar da ni rubutu. Ka san shi da kiɗan ƙarfen nan nasu: baƙaƙen riguna, gashi har gadon baya, jita tana kuka, ganguna suna girgiza mini tukwane. Kai da kanka ka taɓa cewa shi ba ihu yake yi ba, cikin duk hayaniyar nan muryarsa daga can ƙasa take tasowa, mai kauri, a natse. To tun farkon damina muryar ta fara dishewa. Ya ce mura ce, Mama ta yi ta ɗura masa citta da zuma. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce ƙari ne ya fito masa a jijiyar murya. Ba mugun ba ne, mun gode Allah, amma sai an yi aiki wata mai zuwa. Kafin nan ko doguwar magana kada ya yi, balle waƙa, domin in ya matsa wa wurin muryar na iya tafiya ke nan. Ko bayan aikin ma bai yi alkawarin kaurin zai dawo ba.

Ga inda gizo ke saƙar: an gayyace su babban wasan da za a yi a fili ranar Asabar ta sama, abin da suka daɗe suna nema ido rufe. Abokinsa Aibor mai ganga ya zo yana lallashina, wai in kwantar da hankalina, 'yan waƙoƙi ne kawai. Na ce masa shi ai da sanda yake cin abinci, ko bebe ya iya dukan fata. Shi kuwa Kyrshan cewa ya yi tunda ba wanda ya san abin da wuƙa za ta bar masa, gara jama'a su ji muryar ko sau ɗaya tana cikakkiya. Na yi faɗan, na yi kukan, Fasto ma ya sa baki. Mama ta ce a ƙyale ja'iri, in muryar ta tafi kunnuwanta sa huta, sannan ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Daga ƙarshe Kyrshan ya ce mini tunda a al'adarmu ɗa na dangin uwa ne, shi ɗan danginmu ne, sunan gidanmu yake amsawa, ba zai tsallake maganar kawunsa ba. In Kawu Donbok ya ce kada ya hau, ba zai hau ba. Ka ga kaya ya dawo kanka, kai ne babban namijin ɗakinmu.

Ina tsoro, Yaya, har kaina nake tsoro. Shekaranjiya da la'asar suna gwaji a ɗakin ƙasa, sun rantse mini kiɗa kawai za su yi. Ina dafa shinkafa sai na ji ganguna sun lafa, jita ta sassauta, murya ta taso ta cikin daɓe. Phrang ne sak, marigayi babansa, yadda yake rerawa a layin baya na mawaƙan coci har benci ya riƙa rawa. Na san kowace kalma ciwo take ƙara wa yaron nan. Ga matakala a gabana, ga ludayi a hannuna, amma ban sauka ba sai da ya kai ƙarshe. Shinkafar ma ta kama.

Ka gaishe mini da matarka Risa, da Wanbok da ƙaramarsu Iba. Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage gishiri. Daphisha ma tana gaisuwa.

Ina roƙonka ka hana shi. Amma ka bugo masa waya da kanka kafin Asabar ɗin, kada ka ba ni saƙon in isar. In ya tsaya a gabana ya ce mini "Mama" da muryar nan, ce masa zan yi ya je.

Taka ƙanwa,
Banrilin