Ɗalibar da na kayar ita ce mai gaskiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kai ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a ƙauyukan wajen Kunci. Ilimin noma na karanta a kwaleji, shekara uku ke nan ina koyarwa a matsayin 'yar sa-kai, ina jiran a ɗauke ni aiki na dindindin. Da rayuwa ta yi tsanani sai malaminmu na kemistiri ya ajiye alli ya tafi noman rani Watari, ya ce man babur ɗin zuwa makaranta ma ya gagare shi. Firinsifal ya kira ni ya ce tunda noma ma kimiyya ne, in riƙe 'yan aji huɗu. Na gaya masa rabona da kemistiri tun ina sakandare, ya ce babu wani, in na ƙi sai dai a rufe ajin kimiyyar. Ya miƙo min tsohon littafin da malamin yake rubuta darasi a ciki, gara ta cinye gefensa.

Darasin farko shi ne ginin atom, wato ƙwayar zarra. Na gane a tsakiyarta akwai firoton da niyutiron, ilektiron kuma suna zagaye da su layi-layi. Inda na rikice shi ne lambobin nan biyu da ake rubutawa a jikin kowane sinadari. Ƙaramar ita ce lambar atom, yawan firoton, ita ce kuma take nuna yawan ilektiron. Babbar ita ce ta nauyi, firoton da niyutiron a haɗe. Ni sai na juya su. Daidai wurin bayanin gara ta ci, wayata ƙarama ce mai madannai, ba ni da wanda zan tambaya, kuma gaskiya girman kai ma ya hana ni nema. Na hau allo na zana sodiyam da ilektiron ashirin da uku, alhali sha ɗaya gare shi.

Wata yarinya, bari in kira ta Zuwaira, ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, a littafin yayana biyu, takwas, ɗaya aka jera shi.” Duk ajin suka zubo min ido, na ji kamar an tuɓe min mayafi a kasuwa. Maimakon in ce ta kawo littafin mu duba, sai na ce in ta fi ni sani ta zo ta karɓi allin. Ta ce ba haka take nufi ba, amma dai lissafin bai fita ba. Na kore ta waje ta durƙusa a rana har aka tashi. Tun ranar 'yan ajin suke kiranta Farfesa, ba ta sake ɗaga hannu ba.

Jarrabawar ƙarshen zango kusan duk tambayoyina a kan wannan darasin ne. Waɗanda suka haddace kuskurena suka ci, ita ta rubuta daidai na bi da jan biro ina sokewa. Ba zan ɓoye muku ba, ina sokewa ina shakkar kaina, amma ban bincika ba don ina tsoron abin da zan gani.

Babanta maƙwabcinmu ne a gona, iyakarsu ɗaya da mijina. Bayan an ba da sakamako ya zo har ƙofar gida da ita, da ƙwaryar gyaɗa, ya sa ta durƙusa ta ba ni haƙuri a kan rashin kunyar da ya ji ta yi min. Ya ce bana taki ya gagare shi, geron bai yi ba, yara uku ne a makaranta kuma daman ya ce wanda ya faɗi shi zai zauna a gida. Ita da ta nace sai kimiyya, ga shi kimiyyar ta faɗi. Na karɓi gyaɗar nan da hannuna, na ce Allah ya shirya.

A hutun nan na je suna Kano gidan yayata, na ga littafin kemistirin 'yarta a kan kujera na buɗe. Ga sodiyam nan, biyu, takwas, ɗaya. Na kira 'yar na tambaye ta kamar wasa, ta yi min bayani a minti biyu tana dariya, wai ai wannan shi ne mafi sauƙi.

Da na dawo na samu firinsifal na gaya masa komai. Ya rufe ƙofar ofis, ya ce kar in sake in tayar da maganar, don a takardun da ya tura na waɗanda za a ɗauka aiki malamar kemistiri ya rubuta ni, in magana ta fita ni da shi duka za ta ci. Wai in an koma in gyara darasin a hankali, yara ba za su lura ba, Zuwaira kuma ai ba ita kaɗai aka cire bana ba. Mijina ma da na gaya masa faɗa muka yi. Ya ce shekara uku ina tafiya a ƙafa a kan aikin nan, yanzu da ya zo hannu zan watsar, kuma da wane ido zai kalli baban yarinyar a bakin gona bayan mun ci gyaɗarsa? Kwana biyu ba ya amsa min gaisuwa sosai.

Jiya da hantsi na haɗu da ita a bakin famfo. Ta ajiye bokiti ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, “Malama don Allah in kin samu lokaci ki nuna min inda nake kuskure a sodiyam ɗin nan, na sake lissafawa ya fi sau goma, sha ɗaya nake samu.” Na ce mata zan duba, na wuce ko ruwan ban ɗiba ba.

Ranar Litinin za a koma makaranta. In na je wajen babanta na faɗi gaskiya, kafin la'asar gari ya ɗauka, aikin ya tafi, watakila firinsifal ma ya shiga matsala, kuma ba ni da tabbacin zai mayar da ita. In na gyara makinta a ɓoye, me zan ce masa ya canza? In kuma na yi shiru, yarinyar nan za ta zauna a gida tana zaton ƙwaƙwalwarta ce ba ta ja.

Ku zage ni in kuna so, na cancanta, amma bayan zagin ku gaya min, wa zan fara tunkara, babanta, ko ajin, ko ita? Kuma da wace kalma zan fara?