Har Yau Bai Ɗauki 'Yarsa Ba

Gwaggo, don Allah ki agaza mini, abin ya fi ƙarfina. Maigidana yana aiki a kamfanin da ake tsoma ƙarfe cikin ruwan nikel don ya yi sheƙi, irin su hannun ƙofa da kan famfo. Al'adarsu a wurin, in an ciro ƙarfe sai a cire safar hannu a shafa shi da yatsa, wai roba ba ta jin kaushi. Shi kuwa gwani ne, har alfahari yake da babban yatsansa. Ni ma da can taya shi nake.

Yanzu hannayen sun lalace, ga ƙaiƙayi, ga ƙuraje, ga tsagewa har da ruwa. Likita ya ce jikinsa ya ƙi nikel, ko makulli ya riƙe sai ciwon ya tashi. An ce ya koma sito, ya ce shi ba mai gadin kwali ba ne. Duk wannan da sauƙi. Na haihu watan jiya, har yau bai ɗauki yarinyar ba, wai kada ya shafa mata. Sai ya tsaya bakin gado, hannu a baya kamar mai laifi, yana yi mata wasa da baki. In na miƙa masa ita, sai ya tuna yana sauri. Kaico! Da ma kafinta ya zama.

Uwar Jaririya

'Yata, sannu, Allah ya raya. Irin wannan ciwo ba a ɗaukarsa, amma ku koma wurin likita tare, ya ji da kunnensa. Tsoronsa kuma ba shirme ba ne duka: ƙurar wurin aiki tana bin tufafi, don haka ya riƙa sauya kaya, ya yi wanka kafin ya shigo ɗakinki.

Batun sito, kada ki kira shi mai taurin kai. Wanda aka sani da hannunsa, raba shi da sana'arsa ba wasa ba ne. Sai dai jikin da ya ƙi nikel da wuya su sake shiryawa, ga kuma tururin da yake shaƙa. Ya nemi a ba shi koyar da sababbin ma'aikata, kuma darasin farko shi ne safa ba ta barin hannu.

Ranar hutunsa, in ya yi wanka ya zauna, kada ki tambaye shi. Ki ɗora masa ita a cinya, ki shige kicin, ki daɗe. Allah ya ba shi lafiya.