Makon Busar da Jiki

Houston

Yaya Araceli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Gasar gina jikin nan ta matso, ranar Asabar ta sama ce. Idan na zo ta ɗaya za a ba ni katin ƙwararru, in shiga sahun matan da nake manna hotunansu a firij. Har mafarki nake yi an kira sunana, maigidana Ramiro ya taso da furanni.

Koci Lorna ta ce bayana da cinyoyina sun fito yadda alƙalai ke so, ƙasan cibiyata ne kawai ya ƙi lafewa. Ta ce ruwa ne. A makon ƙarshe za ta cire mini gishiri, ta yanke mini shan ruwa, ta ba ni wata 'yar ƙwaya mai zuƙe sauran. Al'adata ta daɗe da ɗaukewa, amma duk 'yan ƙungiyarmu haka suke, alama ce kitse ya ƙare. Kifin nan da nake ci kullum ne dai ya fara tayar mini da zuciya.

Ki gaida Mama. Ƙanwarki,
Delfina

El Paso

Delfina,

Muna lafiya, Mama tana amsawa. Ke dai kin fi ƙarfin buhun siminti amma kanki na tsuntsu ne. Ke da mijinki zaman kallon juna kuke yi a gidan? Al'ada ta ɗauke, ciki ya ƙi lafewa, ƙarnin kifi yana sa ki amai. Kocin taki ta taɓa haihuwa kuwa? Kada ki haɗiyi komai sai kin sayi abin gwaji a kantin magani.

Yayarki,
Araceli

Houston

Yaya,

Ina gaisuwa. Layi biyu ya nuna, ciki ne. Na sake gwadawa, haka dai.

Ban faɗa wa Ramiro ba. Ban faɗa wa Lorna ba. Jiya ta tsayar da ni gaban madubi, ta mintsini fatar cikina ta ce, "Me kike ci a ɓoye, 'yar nan? Gurasar tortilar uwarki?" 'Yan mata suka yi dariya, ni ma na yi. Sai ta damƙa mini ƙwayar a hannu ta ce, "Juma'a da safe. Daga nan ko miyau sai da izinina."

Yaya, tun kafin aurena nake ɗaga ƙarfen nan. Kayan dandalina sun zo, koraye masu duwatsu, da kin ga yadda suke walƙiya! Yini ɗaya ne fa babu ruwa. Anya yini ɗaya zai yi wa ɗan da ke cikina wani abu? Bai ma san ina nan ba tukuna.

Kada ki gaya wa kowa. Taki,
Delfina

El Paso

Delfina,

Ba gaisuwa na zo yi ba. Na kira ki kin ƙi ɗagawa. Kin san amsar, shi ya sa ni kika tambaya, ba likita ba. Kin manta yarinyar da kika ba ni labari bara, wadda jijiyoyinta suka ɗaure a bayan dandali aka fitar da ita a gadon asibiti? Ita kaɗai ce a jikinta.

Ba zan kira Ramiro ba, maganarku ce. Amma ban yi barcin kirki ba tun da na karanta takardarki.

Allah ya tsare ku, ku biyun.
Araceli

Houston, Asabar

Yaya,

Daga bayan dandali nake rubuto miki. An fesa mini fentin jiki, an maƙala mini lamba a ƙugu. Mata suna kwance ƙafafu a bango, leɓuna a bushe. Ƙwayar ban sha ba, kuma tun jiya a banɗaki nake shan ruwa. Ɗazu na gaji da ɓoyo, na fito da gorar na sha a gabansu.

Lorna ta dubi gorar, ta dubi cikina. Sannan ta ce, "Wata nawa?" Na ce ban sani ba. Da hannunta ta cire mini lambar, ta yafa mini rigarta.

Yanzu ake kiran rukuninmu. Ramiro yana zaune a zaure yana jira in fito. Zan zagaya ta ƙofar baya in same shi.

Ƙanwarki,
Delfina