Kwalabe Uku da Ka Bari a Sif Ɗina

Limawa, Dutse.

Zuwa ga angona Mujahid,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya lau, kai da gwaggonka Mu'minatu da mutanen gidanta a can Fatakwal. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya raba ka da sharrin ruwa da na hanya. Da hannuna na rubuta, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace kada ka yi dariya, kai ma gwame gare ka, ban taɓa tona maka asiri ba. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai. Yayarka Bilki ta sauka a Kiyawa, an samu mace, an sa mata Radiyya. Babanka yana nan da hawan jininsa da taurin kansa, duka biyun babu wanda ya ragu.

Kawunka Misbahu ya kawo mini saƙonka ranar Talata, kafin ya tafi yin lodi. Ya ce ka ce in duba kwalaben nan uku da ka bari a sif ɗina, in gaya maka ko ajiyar ta ƙara musu daɗi, sannan in ba shi ya taho maka da su a mota. To zauna ka sha labari, maƙaryacin miji. Ranar da za ka tafi ka ce mini turare ne ka haɗa, yana son duhu, a riƙa girgiza shi kullum da safe, a buɗe murfin ya sha iska jefi-jefi. Ni da na yi shekara arba'in ina haɗa wa amare humra, sai na ji kaina ya yi girma, na ce jikana ya gaje ni. Ai na san humra ba ta nuna sai ta kwana biyu, farce da sandal sun san juna. Na tura su ƙarƙashin zannuwan da nake ji da su, sati tara ina yi musu hidima kamar mai jego.

Ranar sunan jaririyar Bilki na ce yau zan kashe wa tsofaffin Kiyawa baki. Na shafa a wuya, na shafa a bayan kunne, na mulke hannuwa, ban yi rowa ba. Tun ba mu yi nisa da Dutse ba na ji miyau yana taruwa a bakina, zuciyata tana dukan luguden tara-tara, itatuwa suna juyawa. Ga ƙudaje sun yi mini rakiya kamar mai tallan mangwaro. Ana sauke ni na kwanta a tabarma, mata suka kewaye ni, wata ta ce iska ce, wata ta tafi neman habbatus sauda. Hindatu matar Misbahu, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta sunsuna wuyana ta tambayi abin da na shafa. Ta wanke ni da sabulu tas a gaban jama'a kamar jaririyar da muka je wa suna. Da muka dawo na nuna mata kwalaben, ta ce wannan ba turare ba ne, ruwan shishar aljihu ne, irin abin nan mai kama da biro da samari suke zuƙa, kuma akwai dafin taba a ciki. Rashin sani ya fi dare duhu. Na roƙe ta kada babanka ya ji, ta yi mini alkawari.

Yanzu ga amsar tambayarka, tunda gaskiya ba ta da kaka. I, ya canza. Da ka kawo shi fari ne kamar ruwan randa, yana ƙamshin mangwaro da alewa. Yanzu ya yi ja kamar zuma, kaifinsa ya kwanta, mangwaron ya ja baya. Masu zuƙa za su ce ya yi daɗi. Amma da mangwaron ya ja baya, wani ƙamshi ya taso daga ƙarƙashinsa, kuma na san shi, Mujahid. Na zauna da shi shekara talatin da ɗaya.

Kana ɗan shekara huɗu kakanka Malam ya rasu, ba za ka tuna ba. Yana da 'yar gonar taba a fadama. In ya tsinko ganye ya shanya, sai ya danna shi a tukunya, ya liƙe bakin da laka, ya hana kowa taɓawa sai ta yi kwana arba'in. Yakan ce taba ɗanya sai yaro, babba sai wadda ta kwana. Ranar buɗe tukunya kuwa, sai ya zauna a zaure da lofensa na shan taba yana lumshe ido kamar wanda aka yi wa bushara. Haka muka yi ta yi har tari ya zo. Daga baya masallacin da ke bakin layi sai ya huta sau uku kafin ya kai. A zaune ya yi baccin shekararsa ta ƙarshe, na tokare shi da filo, domin in ya kwanta numfashi ya ƙi shi. Da bakinsa ya ce mini in fasa tukunyar, amma lokacin bakin alƙalami ya bushe.

Tun ranar da na gane ƙamshin nan, ɗakina ya daina zama nawa ni kaɗai. Ƙamshin ya kama zannuwana duka, na wanke, na shanya, na turara, yana nan. Shekaranjiya bayan la'asar, rana tsaka da haske, ina tsince wake sai na ji gyaran murya irin na Malam daga zaure. Zauren da yanzu babu komai a ciki sai buhunan gero. Kafin in ankara na amsa na'am, na miƙe har na ɗebo ruwa a moɗa. Na tsaya a bakin ƙofar da moɗa a hannu, ban san tsawon lokacin da na yi ba. Jiya ma na zuba tuwo kwano biyu. Na san za ka ce tsufa ne, ko tatsuniyoyina ne suka fara cin kaina. Da ma a ce su ne.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne muryarka da ka turo a wayar Hindatu kana yi mana barka. Tsakanin gaisuwa ka kau da wayar ka yi tari, gajeru uku, sannan dogo ɗaya mai jan ƙirji. Sau biyar na sa ta maimaita mini. Ta ce ƙila mura ce ta garin ruwa, ita ba ta yanke hukunci a waya. Ƙila hakan ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma kunnen nan nawa ya yi shekara bakwai yana ƙirga irin wannan tari, bai manta lissafinsa ba.

Don haka Misbahu zai zo maka da kilishi da dabino da yajin daddawa, ba zai zo da kwalba ba. Na ba Hindatu su ta zubar inda yaro ko akuya ba za su kai ba. Na san kayanka ne, na kuma san ban nemi izini ba. Ka je asibiti a saurari ƙirjinka, kada ka ce sai an yi albashi. Na yi wa miji ɗaya takaba, ba zan yi wa na biyu ba. A tsari, kai za ka kama mini makara. In fushi za ka yi, ka zo Limawa ka yi shi a gabana, in zauna in kalli ƙirjinka yana hawa yana sauka.

Ka gaishe da gwaggonka Mu'minatu da maigidanta Alhaji Ɗayyabu, da Ziyad da Ikilima. Babanka da Bilki da Hindatu suna gaishe ka. Allah ya ja numfashinka, ya sa ka ga jikokinka su ma su yi maka ƙarya.

Wassalam. Ni ce tsohuwar matarka,
Hajiya Marwa