Manhajar da Ba Ta San Gyara Ba

Assalamu alaikum Anti Zuhura. Don Allah ki taimaka mini da shawara, raina a jagule yake.

Shekara ashirin da biyu ina sayar da gero da dawa a Ƙauran Namoda, yau ina da rumfa har a Shinkafi da Zurmi, kuma ban taɓa tauye wa kowa mudu ba. Da sana'ar nan na kai ɗana Mus'ab har jami'a. Da ya dawo ya ce harka ta girma, a saka manhajar kwamfuta irin ta manyan kamfanoni. Na ji daɗi, na biya abin da aka yanka mini. Ashe somin taɓi ne. Sai sola, sai data, sai mai koyar da ma'aikata daga Gusau, sai kuɗin sabuntawa duk shekara, wanda babu wanda ya ambata mini. Ranar da sabis ya ɗauke a Zurmi kuwa, a koma littafi, a yi aiki biyu.

Duk na jure. Abin da ya fi ci mini rai, ita manhajar nan kilo kawai ta sani, mu da tiya muke awo, kuma ni na hori masu awona su riƙa yi wa mai saye gyara. Da yake ba ta lissafa gyaran, sai ta nuna wai buhu huɗu sun ɓace a Shinkafi. Mus'ab ya tuhumi Malam Ladan, dattijon da ya riƙe mini rumfar shekara goma sha biyar, a gaban jama'a. Malam ya ajiye makulli ya tafi. Na yi wa Mus'ab tatas, ban haife shi don ya wulaƙanta sa'an ubansa ba. Yanzu in watsar da manhajar ne?

Uwa Mai Hatsi, Ƙauran Namoda

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kina da abin alfahari: sana'a mai tsabta da ɗa mai kishinta. Rumfa uku sun fi ƙarfin littafi, a nan Mus'ab ya yi gaskiya. Kuskurensa, bai nuna wa masu manhajar yadda kuke awo ba. Ke ma kin biya ba tare da an rubuta miki abin da za ta ci a shekara uku ba. Ki nemi wannan yanzu. Su saka mata tiya da gyara, ta riƙa aiki ko babu sabis. In sun ce ba zai yiwu ba, kada ki sabunta.

Amma kafin komai, Mus'ab ya kai wa Malam Ladan makullin har gida, sannan ya wanke shi a kasuwar Shinkafi, gaban mutanen da suka ji tuhumar. Allah ya ƙara wa awonki albarka.