Kwalliyar Tsohon Babur

Zuwa ga Uwata, babbar tela,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da mamanki, da ƙannenki, da ciwon gwiwar mamanki wanda shi ma ya zama ɗan gida. Ni a nan ƙasar mutane lafiya lau nake, in ban da ƙafar dama.

Kada ki tsorata, ba mota ce ta buge ni ba. Babur ne ya harbe ni, kuma yana tsaye a wuri ɗaya. Na taka kik da ƙarfin mutumin da yake son a gan shi, kik ɗin ya dawo ya same ni a ƙauri. Sai da na zauna a ƙasa ina karanto addu'o'in da ban san na iya ba. Dogo, mai waldan nan da muke ɗaki ɗaya, ya yi dariya har ya riƙe bango. Shi zai ɗauki takardar nan a hoto ya turo wayarki. A baki ba zan iya ba, don mamanki tana karɓe waya, kuma tun daga sallamata take gane na yi ɓarna.

Bari in fara da abin kirki. Kekunan ɗinkinki guda biyu na lantarki na saye su, na gwada su a kan tsohon wandona, yanzu wandon ya fi ni ƙarfi. Dogo ya ƙera musu akwatin katako. Ejan ɗin da zai saka mana su a jirgin ruwa, wanda muke ce wa Ba-Matsala saboda abin da ya iya faɗa ke nan, ya ce jirgin ƙarshen wata zai kawo su kafin a koma makaranta, har da sauran lokaci. Ki gaya wa shugabar makarantar nan ta kwantar da hankalinta, yunifom ɗin yaranta yana hannun 'yar mai fenti.

To, akwatin ne ya yi girma. Laifin Dogo ne, komai nasa dogo yake yi. Wuri ya rage, ni kuwa ban iya ganin wuri a banza ba.

Akwai wani tsoho a bayan garejinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana zaune shi kaɗai a gida mai tagogi da yawa. A rumfarsa na hangi babur an rufe shi da bargo kamar marar lafiya. Uwata, irin na maigidana ne sak, wanda na koyi fenti a wurinsa. Mai tanki kamar tulu, mai fitila kamar kwano. Ina yaro ni nake wanke shi kullum da safe, ban taɓa hawa ba ko sau ɗaya. In na daɗe ina shafa sirdin sai a ranƙwashe ni. Wannan na tsohon ya girme ki, ya kusa girmar ni, amma in ya tashi sai ki ji kamar ana daka a ƙirjinki.

Tsohon ya daɗe yana kallona kafin ya sayar. Ya ce ƙafafunsa ne suka ƙi, ba zuciyarsa ba. Ya kafa mini sharaɗi ɗaya, kada in taɓa launinsa, in bar shi yadda shekaru suka bar shi. Na ce to, irin to ɗin da nake ce wa likita in ya hana ni sukari.

Ki dubi Allah, ni mai fenti ne. A ce in kwana ɗaki ɗaya da tsatsa? Na sa samfefa na goge shi tas, na cike ramuka, na fesa masa ja mai ƙyalli. Yanzu in kin leƙa tankin sai ki gyara ɗankwalinki. Gobe za mu tsiyaye mai, mu cire batir, mu ɗaure shi kusa da kekunanki.

Kada ki gaya wa mamanki tukuna. In na zo hutu zan goya ta a kai, in tana jin iska ba za ta iya faɗa sosai ba.

Naki har kullum,
Babanki Mai Fenti

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga hoton shagon da kika turo, labulen ya yi kyau, amma wanda ya shafa miki bangon nan ba ya tsoron Allah. Ƙafata ta sauka, yanzu wani wurin ne ya kumbura.

Ki zauna kafin ki ci gaba. An tsare akwatinmu a tashar jiragen ruwa.

Ba-Matsala ne ya kira ni ina tsakar aiki, ya ce akwai 'yar matsala. Da na ji kalmar nan a bakinsa, bindigar fenti ta kusa faɗuwa daga hannuna. Na tafi ko kayan aiki ban cire ba. Wani ƙaton sito ne mai sanyi, akwatuna har rufi, namu a tsakiya an ɓalle masa gefe. Jami'in kwastan yana tsugune da tocila yana leƙen wuyan babur. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ya fi tsawa ban tsoro.

Ashe kowane babur akwai lambar da aka buga masa a ƙarfen wuya, ita ake haɗawa da ta takarda. Na san da haka, ba yau na fara ganin ƙarfe ba. Amma ta wannan ta tsufa, tsatsa ta ci rabinta, ni kuma da na zo wurin hannuna ya ji kaushi. Hannuna ba ya shawara da kaina in ya ji kaushi. Na goge, na cike, na fesa. Wurin ya yi sumul kamar kumatun jariri.

Jami'in ya ce a aikinsu, sabon fenti a kan gurbin lamba ma'anarsa ɗaya ce, ɓarayi ne ke yin haka. Na ce ni ba ɓarawo ba ne, gwani ne. Ya ce ya ga alama, don bai taɓa ganin wanda ya ɓatar da lamba da kyau haka ba. Ban san ko godiya zan yi ba.

Na ce to a cire babur ɗin a jefa shi a teku, a bar kekunan 'yata su wuce. Ba-Matsala ya ja ni gefe ya ce ba haka ake yi ba. Akwati ɗaya ne, takarda ɗaya, sunana ɗaya. In za a raba sai an sake komai daga farko, kafin a gama jirgin nan ya tafi, na bayansa kuwa sai yara sun koma aji sun gaji da zama.

Hanya ɗaya ta rage. Wanda ya sayar mini ya zo da ƙafarsa ya shaida, sannan wani ma'aikacin 'yan sanda ya kankare wurin ya zuba wani ruwa mai cin ƙarfe, wai lambar takan taso kamar tabon tsohon rauni. Takan taso, in ji Ba-Matsala. Bai ce tana tasowa ba.

Na san kin karɓi yadin mutane, na san kin ɗauki yarinyar da za ta taya ki, na san makarantar nan ce aikinki na farko mai suna. Duk na sani, ba sai kin tuna mini ba, ko da yake kina da iko. Abinci ba ya wuce mini. Dogo ya ce ko ramar ma ban iya yin ta daidai ba, wuya ya tafi, tumbi yana nan.

Gobe zan je wurin tsohon. Ki yi mini addu'a, amma a hankali, kada mamanki ta ji.

Babanki

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Amsarki ta iso. Layi ɗaya ce, na karanta ta har na haddace. Kin tambaya ko ki mayar wa shugabar makaranta yadinta tun da wuri ta nemi wani tela. Ba ki zage ni ba, ba ki kira ni Sarkin Ɓarna kamar yadda kika saba ba. Da kin zage ni da na fi samun barci.

Kada ki mayar tukuna. Ki ba ni zuwa ƙarshen mako.

Na je wurin tsohon. Ya karɓe ni da murna, ya dafa mini shayi, ya tambayi lafiyar babur kamar mai tambayar ɗansa da ke makarantar kwana. Ni da bakina da ba ya ajiya, maimakon in fara da bayani sai na fara da hoto. Na ɗauka in ya ga ƙyallin nan zuciyarsa za ta yi laushi.

Ya kalli hoton, ya cire tabarau ya goge, ya sake kallo. Ya nuna gefen tanki ya tambayi ina ƙujewar da ke nan. Na ce na cike ta, ko alama babu. Ashe zoben matarsa ne ya yi ta, ranar da ta fara koyon tuƙi ta riƙe tankin don tsoro. Matar ta rasu da daɗewa. Ni na ɗauka ƙusa ce.

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauke kofin shayin daga gabana, ban ko kai rabi ba, ya buɗe mini ƙofa.

Uwata, na sha kora a rayuwata. An kore ni daga aji, an kore ni daga layin asibiti, kakanki ma sai da ya kore ni kafin ya ba ni mamanki. Ban taɓa jin kora mai shiru irin wannan ba.

Na koma washegari, bai buɗe ba. Na sake komawa na zauna a dakalinsa tun daga tashi aiki har rana ta faɗi. Maƙwabciyarsa ta leƙo ta tambaya ko ta kira mini wani. Na ce ta kira mini hankalina in ta san inda yake. Ina zaune ina kallon gidan, fentin duk ya ɓare, katakon tagogi ya fara ruɓewa. Hannuna ya kai ga wani ɓawo zai ɓantare, na buge shi da ɗayan.

A ƙarshe na yi magana ta jikin ƙofa. Ban san yawan abin da ya ji ba, harshensu a bakina kamar tuƙin koyo yake. Na ce babur ɗin na cuce shi, ban da abin cewa. Amma akwai sana'ar wata yarinya a cikin akwatin nan, wadda ba ta taɓa ganin babur ɗin ba, ba ta goge komai ba. Na tura hoton shagonki ta ƙarƙashin ƙofa, wanda Dogo ya wanko mini. Ban ji motsi ba. Hoton dai bai dawo ba.

Ba-Matsala ya ce ranar Juma'a ake rufe lodin jirgin. Yanzu ko sunansa ba ya amsawa.

Babanki, wanda ya san abin da ya yi

*

Zuwa ga Uwata, babbar tela,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ki ajiye yadin nan, ki wasa almakashi. Jirgi ya tashi, kekunanki suna ciki.

Tsohon ya zo. Da safe na fito zan tafi aiki na tarar da shi a ƙofar gareji, ya sa tsohuwar rigar aikinsa mai maɓallan ƙarfe, da sanda, da jakar takardu. Bai gaishe ni ba. A mota ma taga ya yi ta kallo.

A sito, ma'aikacin 'yan sandan ya miƙo mini abin kankara ya ce tunda ni na shafa, ni zan cire. Na durƙusa na kankare aikina da hannuna, mutum huɗu suna tsaye a kaina. Ya zuba ruwan nan, ya goge, ya sake zubawa. Babu komai. Na ji gumi yana bin bayana cikin sanyin nan. Ya sake zubawa. Can sai wasu inuwoyi suka fara fitowa a ƙarfen, dishi-dishi kamar rubutun da aka yi da yatsa a gilashi. Jami'in ya kafa tocila yana haɗawa da takarda. Guda biyu na tsakiya suka ƙi fitowa sosai. Ya ɗago ya dubi tsohon, tsohon ya karanto lambar duka da ka, idonsa a rufe, kamar mai faɗin ranar haihuwar ɗansa. Jami'in ya sake leƙawa, sannan ya buga hatimi. Ƙarar hatimin nan ta fi mini ƙarar babur daɗi.

Lokacin zai matse ki, ban ɓoye miki ba, ashe sauran lokacin da Ba-Matsala ya faɗa bai taka kara ya karya ba. In teku ta yi kirki za ki samu abin da zai ishe ki in kin haɗa da dare. Ki sa ƙannenki su riƙa sa maɓalli, cin abinci kawai suka iya. Babur ɗin zai iso da wuya a kankare kamar wanda ya yi faɗa da kura. Ki sa a jingine shi a bayan shago a rufe. Kada ƙanenki ya taka kik ɗin, ƙafa biyu kawai gare shi.

Saura abin da ban faɗa ba. Tsohon bai zo kyauta ba, kuma ba kuɗi ya nema ba. A hanyar dawowa ya buɗe baki karo na farko, ya ce tunda hannuna ba ya iya zama, ya samo masa aiki. Gidansa zan gyara, bango da tagogi da ƙofofi da rumfa, kafin sanyi ya shigo. Aikin gareji ba ya barin mini rana, don haka hutuna ne zai tafi a kai. Na riga na mayar da tikiti.

Ba zan zo buɗe shagonki ba, Uwata. Na so in tsaya a ƙofa ina gaya wa masu wucewa cewa ni na haife ki. Ki samu wani ya yi, amma kada ya kai ni ƙarya.

Mamanki kuwa, ki ba ta wayar ranar Lahadi bayan ta ci abinci ta sha maganin gwiwa. Ni zan gaya mata da bakina. Ki tsaya kusa, in kin ji shiru ya yi yawa ki duba ko ni ne na suma.

Tsohon ya ce launin da ya tarar a gidan ranar da shi da matarsa suka tare a cikinsa, shi yake so, ba wanda ya fi shi kyau ba. Na haɗa masa kala shida a kan katako, duk ya ce ba shi ba ne. Ya fito da kujera ya kafa a tsakar gida inda zai riƙa ganin hannuna. Na ƙirga tagogin, na bari a tsakiya don kada in karaya. Gobe zan haɗa na bakwai.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Babanki Mai Fenti