Fasfon Ɗan Fari

Litinin, 11 ga Satumba, 1978

"Bayan Salla da kwana biyu zan shiga Kano, Malama, ki ɗauka an gama." Haka Iliyasu, ƙanin mijina, ya ce a tsakar gidan nan, bakinsa cike da ƙosan da na soya na buɗa-baki. Yau Salla ta kwana bakwai.

Abin ba wani abu ba ne. Yaron nan ya sami gurbin karatun aikin noman rani a ƙasar Holan. Takardun makarantarsa duka sunan gari ne ke biye da nasa, Bunkure, domin a zamanin haka hedimasta yake rubuta wa kowa. Fasfo kuwa sunan mahaifinsa, marigayi Malam, aka sa. Ofishin jakadancinsu a Legas suka ce su mutum biyu suke gani. Ba biza sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa mutum ɗaya ne. Uba ne zai rantse, ko uwa, ko ƙanin uba. Uban yana ƙasa. Ƙanin uban yana renon tumatir.

In takardar ba ta isa Legas ran huɗu ga Oktoba ba, gurbin na wani ne.

Alhamis, 14 ga Satumba

Wai yau yashe magudanar ruwa suke yi, Iliyasu ba zai sami dama ba.

Asabar, 16 ga Satumba

Yaron ya bar wa ƙanwarsa Raliya ɗan littafin gargaɗin da aka ba su, wai ta adana. Ya san hannun wa zai shiga. Na karance shi tas kafin la'asar.

Katin rigakafin shawara da na agana ya kasance a cikin fasfo. Kada fasfo da kuɗi su kwana a aljihu ɗaya. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba a filin jirgi. Da ka sauka, ka kai kanka wurin 'yan sanda su rubuta ka. Ka sayi babbar rigar sanyi kafin ka sayi rediyo. Wanda ya rubuta wannan layin ya san samarinmu.

Ba a shiga da nama. To, dambun naman da na yi niyya ya tashi. Kuka da daddawa dai ban ga an ambata ba, ba kuma ni zan tuna musu ba.

Daddawar ma yanzu saye muke yi. Ɗorawa goma sha ɗaya ce a gonar Malam kafin katafila ta zo, shekarun baya. Yau fili ne shimfiɗe kamar tabarma, ruwa na bin layi kamar 'yan makaranta. Ban ce ba a samu ba. Alkama har sau nawa. Amma a gindin babbar ɗorawar nan na yaye shi. Na miƙa wa kakarsa Iya, ta goya shi ta wuce, ni kuwa na sunkuya ina tsintar kalwa kamar ba abin da ya faru. Shekarata goma sha takwas. Aka yi ta yabona, wai ina da kunya.

Talata, 19 ga Satumba

Na tare Iliyasu a ƙofar gida da farantin alkaki, don na san inda igiyarsa take. Ya ci uku kafin gaskiya ta fito. Ba tumatir ba ne, ba magudana ba ce. Rantsuwar yake tsoro. Wai a zuriyarsu ba wanda ya taɓa dafa Alƙur'ani a gaban alƙali, ko a kan gaskiya. Wai wanda ya yi ba ya gamawa lafiya.

Na ce masa ai kullum yana wallahi tallahi a kasuwar Bunkure kan kwandon albasa, ban ga ya shanye ba. Ya ce wannan daban. Na karanto masa abin da malamai suka ce kan rantsuwar gaskiya, daga littattafan yayansa da ke ɗakina. Ya lashe yatsunsa ya dube ni.

"To ke mai ilimi, ai an ce uwa ma tana yi. Ki je mana ki faɗi sunansa da bakinki, har da na Yaya."

Na ƙwace farantin.

Laraba, 20 ga Satumba

Ɗan banza ya san inda ya taɓa.

Juma'a, 22 ga Satumba

Shekara ashirin da biyu ina koyarwa. Na yi faɗa da iyaye kan tsagar jarirai, kan ɓoye 'ya'ya ranar rigakafi. Ba wanda ban kira jahili ba a zuciyata. Ga ni nan, ban taɓa furta sunan ɗan farina ba, ko sau ɗaya. Shekarar da ya zo ajina, in na kai lamba ta tara a rajista sai in ɗaga kai in ga yana nan, in yi maki in wuce. Yara suna ƙunshe dariya. Shi ma Malama yake ce mini har yau, kamar kowane ɗalibi.

Ranar da ya faɗa rijiyar gidan Iya yana ɗan shekara shida, mata suka fita da ihu, ni na zauna ina ɓarar gyaɗa. Da aka ce an fito da shi da rai sai na ga ashe ƙwayar nake zubarwa ina tara ɓawon. Ba wanda ya lura sai Malam. Ya kwashe ya tsince da kansa.

Sunan Malam ma, shekara ashirin da ɗaya muna tare bai fito daga bakina ba. Raliya ta tambayo akawun kotu ko ana iya rubutawa kawai a sa hannu. Ya ce a'a, sai an faɗa, alƙali ya ji.

Lahadi, 24 ga Satumba

Yaron ya zo daga wurin aikinsa na Kadawa a kan keke. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki, na ba shi baya kamar kullum. Raliya yake wa magana, amma ni yake nufi. Wai kada a takura Baffa, kada kuma a takura kowa. In bai tafi ba, aikinsa na auna ruwa yana nan.

Kowa. Ni ce kowa.

Na ce wa Raliya ta gaya wa yayanta hoton fasfonsa ya yi kama da ɓarawon akuya, ya yi aski kafin ya hau jirgi. Na ji ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Irin ta ubansa ce sak. Da ya tafi na leƙa ta tagar. Ƙeyarsa ma ta uban ce. Ban san yaushe ya yi faɗin kafaɗa haka ba; kullum daga baya nake ganinsa, kuma a sace.

Litinin, 25 ga Satumba

Na sayi sabon alƙalami a shagon bakin tasha. Sai an gwada.

Maharazu Sunusi.

Yana rubutu da kyau. Gwaji ne kawai. Na kuma faɗa a cikin randa da nake ɗiban ruwa, don in ji ko murya za ta fita. Ta fita. Rufin ɗaki bai faɗo ba.

Na aika wa Iliyasu: na ba shi zuwa la'asar ɗin Laraba. In bai zo ya ce ya shirya ba, Alhamis da sassafe zan yafa mayafina na Salla, in hau motar Kano, in tsaya gaban alƙali in faɗi sunayen nan biyu yadda na bayan ɗaki ma zai ji. Asabar yaron ya hau jirgin ƙasa da takardarsa.

An ce uwar ɗan fari ba ta rakiya. Tunda zan riga in ɓata, har tasha zan je. Ba don komai ba, sai don in tabbatar bai haɗa fasfo da kuɗi a aljihu ɗaya ba.